Kullen korona ne ya tayar wa Baba da hawan jini?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Ina zaune a Bukoki, nan Yamai, mahaifina kuma yana Tawa, shekarunsa 68 yanzu. Kafin korona ƙwaya ɗaya yake sha, amlodifin, tansiyonsa ba ya wuce 13/8. Ni nake saya masa maganin a nan, in kai tasha a tafi masa da shi. Da aka killace Yamai a 2020 saƙo ya yanke, ya yi kusan wata biyu bai sha ba. Bayan ƙaramar Sallah aka auna shi aka samu 18/11. Tun daga nan bai koma yadda yake ba, yau ƙwaya uku yake sha, bara kuma aka ce zuciyarsa ta yi kauri. Shi cewa yake zaman gida ne ya karya shi. Yayata kuma ta ce korona ce ta kama shi bai sani ba. Wanne ne gaskiya? In aka sake irin wannan kulle me za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi. Likitan da ke duba shi a Tawa shi ne mai magana ta ƙarshe, tunda shi ke ɗaura masa abin awo. Amma labarinka na ji irinsa har na gaji da ƙirgawa. Baba yana da gaskiyarsa, maganar Yaya ma ba ta banza ba ce, sai dai kaso mafi girma yana cikin abin da ka faɗa a tsakiya ka wuce da sauri: wata biyu ba magani.

Bari mu tuna abin da aka yi a nan, don kalmar kulle takan sa mutum ya ɗauka ko'ina iri ɗaya aka yi. Ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Yamai. Aka rufe iyakoki da makarantu, aka dakatar da sallar jam'i a masallatai. Ranar 27 ga watan shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, ya ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiya. Yamai ta shiga dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, aka kuma killace birnin, ba shiga ba fita. Sai 13 ga Mayu aka buɗe masallatai. Ba mu yi irin na Faransa ba, inda sai mutum ya cike takarda kafin ya fita sayen burodi. Mu da rana ana zuwa kasuwa. Amma abin ya faɗo cikin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, azumi kuma ya kama a ƙarshen Afrilu. Dokar daren ta mutanen Yamai ce. Abin da ya sami Baba a Tawa shi ne rufe masallaci da yankewar hanya.

Kafin in kawo alƙaluma, ga wani ɗan bayani da zai sa a fahimce su. Mu a nan muna cewa 13/8 ko 14/9, na'urar lantarki kuma tana rubuta 130/80 ko 140/90. Abu ɗaya ne, sifili aka cire. Daga 14/9 zuwa sama, in aka yi ta samunsa a awo daban-daban, shi ne hawan jini.

Bincike mafi girma da aka fi ambatawa a kan wannan batu na Amurka ne. Ya fito a mujallar Circulation a ƙarshen 2021, an bi awon ma'aikata da iyalansu kusan 464,000, aka gwada watannin Afrilu zuwa Disamba na 2020 da na shekarar 2019. Lambar sama ta ƙaru, amma da tsakanin 1.1 zuwa 2.5 a lissafin na'ura. A lissafinmu, mai 13 bai ma kai 13 da rabi ba. Majon da ke aunawa da famfon hannu yana zagaye lamba, ba zai taɓa ganin wannan ba. Ƙarin ya fi yawa ga mata, kuma ƙiba ba ta isa ta bayyana shi ba, don nauyin mutanen bai canza yadda aka zata ba. Kada a raina wannan ɗan ɗigo. Idan al'umma gaba ɗaya ta hau da 2 a lissafin na'ura, tsofaffin bincike sun nuna mutuwa ta shanyewar ɓarin jiki tana iya bambanta da wajen kashi 10 cikin 100 tsakanin masu matsakaitan shekaru. Ga ƙasa abin damuwa ne. Ga mutum ɗaya kuwa ba wani tsalle ba ne.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na birnin Faris. Can an duba awon mutanen da ke da na'ura a gida mai aika sakamako ta intanet, sai aka ga jininsu sauka ya yi kaɗan a makonnin farko na kulle. Ba mamaki. Mai albashi ne, kuɗinsa na shigowa, an ɗauke masa cunkoson jirgin ƙasa da tsawar shugaban ofis, farmasi na ƙasan benensa. To ka ga kulle ba dafi ba ne da ke yi wa kowa aiki ɗaya. Ya danganta da abin da ya ƙwace maka. Shi na Faris wahala aka ƙwace masa. Baba kuwa an ƙwace masa tafiya, da abokan hira, da ƙwayarsa.

Mu ɗauki tafiyar tukuna, don a nan ne gaskiyar Baba take. Dattawanmu ba sa cewa suna motsa jiki, in ka tambaye su dariya za su yi maka. Amma ka yi lissafi. In masallacin unguwa yana da nisan mita 300 daga ƙofar gida, zuwa da dawowa sau biyar kilomita 3 ke nan kowace rana, ban da Juma'a, ban da zuwa kasuwa, ban da jana'iza da suna da gaisuwar mara lafiya. Wannan ya wuce minti 150 na tafiya a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema. Tafiya tana sa jijiyoyin jini su saki, kuma bayan an zauna jinin yakan ci gaba da zama ƙasa na awoyi. Mai fita sau biyar kamar wanda ake ba ƙaramar ƙwaya sau biyar ne. Ga mai hawan jini, tafiya ta yau da kullum tana rage 5 zuwa 8 a lambar sama a lissafin na'ura. Matsalar ita ce ba a ajiye ta a rumbu. In aka daina, cikin ƴan makonni amfanin ya tafi. A duniya baki ɗaya, wani bincike da ya ƙirga takun masu wayar hannu a ƙasashe 187 ya ga takun ya ragu da kashi 27 cikin 100 a kwana 30 na farko bayan ayyana annobar.

Mu mutanen Yamai abin ya zo mana ta wata fuska da ba kowa ya lura da ita ba. A watan Afrilu wa ke tafiyar motsa jiki da tsakar rana? Lokacinta bayan magariba ne, ko kafin gari ya waye. Masu zagaya filin wasa na Seyni Kountché, da matan da ke fita zumunci in rana ta faɗi, da tsohon da ke takawa asuba, duka a wannan tsakanin suke fita. Awoyin da jiki ke iya motsi su ne daidai awoyin da doka ta rufe.

Sai abinci. Wanda ke zaune gida hannunsa ba ya barin baki, wannan kowa ya sani. Amma a namu yanayin ba yawan ci ne ya fi damuna ba, irin abin da ake ci ne in aljihu ya yi sanyi. Nama da ganye su ke fara fita daga tukunya, a cike gurbinsu da magi. Dunƙulen magi kuwa wajen rabinsa gishiri ne. Shinkafa da wake da mai da yaji, taliya da magi, garin rogo da ƙuli: duk abincin talauci gishiri ke ɗaukarsa. Iyakar da aka yanka wa babban mutum gram 5 ce a rana, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba tozo, haɗe da na cikin burodi da kilishi da yaji. Ga kanwa, wadda mutane ba sa lissafa ta cikin gishiri don ba ta da ɗanɗanonsa, alhali sinadarin da ke tayar da jini, sodiyam, shi ne jikinta. Mu baƙar fata kuma ƙodarmu ta fi riƙe gishiri, jininmu ya fi saurin amsa masa. Akwai wani abu ma da ya yi tashe lokacin korona: ƙwayoyin nan masu tafasa cikin kofin ruwa, na bitamin C da na farasitamol. Abin da ke sa su tafasa danginsu ɗaya da kanwa. Wasu daga cikinsu ƙwaya ɗaya tana ɗauke da kwatankwacin gram guda na gishiri. Na ga masu shan uku a rana da sunan rigakafi.

Damuwa ita ce mai wuyar aunawa, amma ba mai wuyar gani ba. Kai ɗan Adar ne, ka fi ni sanin gidaje nawa ne a Tawa da Illela da Keita da Buza tukunyarsu ke jiran saƙon ɗa daga Abijan ko Libiya. Da aka rufe iyakoki, can ma aiki ya tsaya, saƙo ya tsaya. Maigida yana kwance yana lissafin buhun hatsi, ga rediyo na ƙirga gawawwakin Italiya. Jiki bai san bambancin kura da bashi ba. Duka biyun sinadaran tsoro yake sakar musu, adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyi su matse, ƙoda ta riƙe gishiri. Na kura minti biyar ne ya wuce. Na bashi kwana da kwanaki ne. A ƙa'ida in mutum ya yi barci jininsa yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, wannan ne hutun zuciya. Wanda ke juyi a ɗakin kwano cikin zafin Afrilu, wuta ta ɗauke, ba damar shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ba ya samun wannan hutun. Kuma kada ka manta, ga dattijo ƙofar masallaci ba wurin sallah ba ce kawai. Nan yake sauke abin da ke ransa, nan ake tsokanarsa ya yi dariya. Samari suna da fada da shayinsu, tsofaffi suna da inuwar masallaci. An rufe duka biyun lokaci ɗaya.

Yanzu mu zo kan ƙwayar. Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa da ita, mai sayar da abincin dare a wajen Lazare. Ta zo mini cikin watan Yuni na shekarar, kanta na sarawa, idonta na ganin hazo, na auna na samu 19/11. Na ce Hajiya ina maganinki? Sai ta kwance bakin zane ta fiddo baƙar leda, ta zazzage a kan tebur: kwalaye biyu ba komai ciki, da reza. Na ce rezar fa? Ta ce ai da dokar dare ta kashe mata ciniki, sai ta riƙa raba ƙwayar biyu don ta kai ta. Da ta ga za ta ƙare, ta koma shan rabi yau, gobe ta huta. Da ta ƙare gaba ɗaya ta zauna ta saurari jikinta kwana uku, ba ta ji komai ba, sai ta ce Alhamdulillahi, ashe ma ta warke.

Wannan kwana ukun shi ne tarkon. Amlodifin magani ne mai daɗewa a jiki, sai an yi awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya fita. Wanda ya daina ba zai ga komai ba gobe ko jibi, a hankali jinin ke hawa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Hawan jini kuma ba ya sallama. Mutum na iya yawo da 17/10 yana cewa garau yake. Wasu magungunan ma sun fi haka haɗari in aka yanke su kwatsam. Atenolol da danginsa, masu rage gudun zuciya, in aka daina su rana ɗaya zuciya takan zabura, ga mai toshewar jijiyar zuciya kuwa hakan na iya zama ajali.

Kada ka ɗora wa kanka laifi, ba kai ka rufe hanya ba, kuma ba ku kaɗai ba ne. A watan Mayu na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tambayi ƙasashe 155, kashi 53 cikin 100 suka ce kula da masu hawan jini ya samu tangarɗa a wurinsu, ko dai wani ɓangare ko gaba ɗaya. Ga jita-jitar da ta bi wayoyi a watan Maris, wai magungunan hawan jini irin su kaftofiril da enalafiril da losatan suna buɗe wa korona ƙofa. Tushenta wata tambaya ce ta masana, don ƙwayar cutar tana shiga jiki ta wata kafa mai suna ACE2 da ke da alaƙa da aikin waɗannan magunguna. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta fito tun tsakiyar Maris ta ce kada kowa ya daina, daga baya wani gwaji a Brazil kan majinyata 659 ya nuna dainawar ba ta da wani amfani. Amma ƙarya ta riga ta kai Agadas kafin gaskiya ta ɗaura takalmi. Wasu kuma da suka ƙi zuwa gidan likita sai suka koma wajen mai tallan magani a tire: diklofenak da ibuprofen don ciwon jiki, maganin mura mai buɗe hanci, nivakin don tsoron korona. Na farkon biyu suna tayar da jini kuma suna cin ƙoda, na mura yana matse jijiyoyi, nivakin kuwa in ya yi yawa yana rikita bugun zuciya.

Duk da haka in faɗa maka gaskiya, rashin amlodifin shi kaɗai ba zai ɗaga mutum daga 13 zuwa 18 ba. Ƙwaya ɗaya aikinta lamba ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi a lissafinmu. Sai ka ɗora rabin lamba ko fiye na tafiyar da ta tsaya, ka ɗora na gishiri, ka ɗora na rashin barci da tunani. Sannan ka tuna yadda aka yi awon: sau ɗaya, bayan cin Sallah, dattijo ya shiga gidan likita gabansa na faɗuwa kada a ce korona ce. Fargabar ganin farar riga kaɗai tana ƙara lamba ɗaya ko biyu ga wasu. Haka ake haɗa 18. Na sa maganin a gaba ne don shi ya fi kowanne girma, kuma shi ne wanda da an shirya da ba a rasa shi ba.

Wannan tsoron gidan likita shi ne ya fi yi wa zuciya ɓarna a lokacin, fiye da hawan jinin kansa. A Ingila, zuwa ƙarshen Maris 2020, masu zuwa asibiti da ciwon toshewar jijiyar zuciya sun ragu da kashi 40 cikin 100. Ba ciwon ne ya ragu ba, gida mutane suka zauna da shi. A yankin Lombardi na Italiya, waɗanda zuciyarsu ta tsaya ba a cikin asibiti ba sun ƙaru da kashi 58 cikin 100 in aka gwada da shekarar 2019. Mu ma nan mun ga benci ba kowa, mun yi ta mamakin ina majinyatanmu suka shiga. Mutane na tsoron a ce suna da ita a killace su, in ta Allah ta kasance kuma a hana dangi wanka da sutura. Da suka dawo, sun dawo da ƙafa a kumbure, da numfashi sama-sama, da hannun da ya yi kwana huɗu da mutuwa.

Maganar Yaya fa? Korona tana taɓa zuciya da jijiyoyin jini, wannan tabbas ne. Wani babban bincike kan tsofaffin sojojin Amurka da ya fito a 2022 ya nuna waɗanda suka kamu sun fi sauran haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki har shekara guda bayan sun warke, musamman waɗanda ta kwantar a asibiti. Amma Baba bai kwanta ba, kuma muna da dalilai a fili da suka isa. Gwajin jini na yau ba zai raba muku gardama ba, tunda kusan kowa ya haɗu da cutar ko allurarta daga baya. Ko ita ce ko ba ita ba ce, maganin da za a ba shi bai canza ba. Ku bar musun.

Abin da na san yana cin ranka shi ne don me bai koma ƙwaya ɗaya ba. Shekaru sun ƙaru, ɗan'uwa. Jijiyar jini kamar tiyon ban-ruwa ce, tana bushewa da tsufa, lambar sama tana hawa ko da kulle ko babu. Yawancin masu hawan jini sai da magani biyu ko uku ake riƙe su, kuma ƙananan ƙwayoyi uku masu aiki ta hanyoyi daban sun fi babbar ƙwaya ɗaya. Akwai gwajin da aka yi a ƙasashe shida na Afirka kudu da Sahara, aka buga a 2019, wanda ya nuna haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata. Saboda haka uku ba alamar an gaza ba ce. Kaurin zuciya kuwa ba aikin wata biyu ba ne. Zuciya tsoka ce, in ta shekara da shekaru tana tura jini a kan matsi sai bangonta ya yi kauri, kamar damtsen mai daka. Bambancin shi ne kaurin damtse ƙarfi ne, na zuciya kuwa taurin da ke hana ta cika sosai. Mai yiwuwa abin ya faro tun kafin a gano hawan jinin, watannin nan suka ƙara masa. Labari mai daɗi shi ne in aka riƙe jini da kyau wata da watanni, kaurin yakan ragu. Ka tabbata ana duba masa ƙoda, da fotasiyam, da sukari, da fitsari ko sau ɗaya a shekara. In cikin ukun akwai mai sa fitsari, a tambayi likita yadda za a yi da ita a watannin zafi da azumi, don tsoho mai shanta cikin rana 44 yana iya bushewa ya yanke jiki ya faɗi.

Batun in an sake. Ba sai annoba ba, hanyar Yamai zuwa Tawa ta fi kilomita 500, ruwa na iya cinye gada, iyaka na iya rufewa, kai kanka kana iya kwantawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko, ka raba lafiyar Baba da tasha. Ka sa likita ya rubuta ainihin sunan kowane magani da ƙarfinsa, ba sunan kamfani ba, don kowace farmasi ta Tawa ta iya ba da irinsa ko kwalin ya bambanta. Da yawa sun zauna ba magani a 2020 alhali yana nan bayan gidansu cikin kwali mai wani launi. Kai ka aika kuɗi, wani a can ya saya. A riƙa ajiye na wata guda a gefe, ana shan tsohon ana mayar da sabo, a wuri mai inuwa, ba kan taga ko saman firji ba. Zafinmu yana kashe magani.

Ka saya masa na'urar awo ta damtse, ba ta wuyan hannu ba, ka koya wa wani jika mai hankali. Baba ya zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba shayi ba goro ba taba rabin awa kafin nan, ba hira. Muna da ƙa'idar uku: awo uku da safe kafin shan magani, uku da dare kafin kwanciya, kwana uku a jere, minti ɗaya ko biyu tsakanin kowane awo. A rubuta duka a littafi yadda na'ura ta nuna, 137/84, ba a zagaye ba. A gida iyakar 135/85 ce. Sau ɗaya a wata ya isa in komai lafiya, don na ga waɗanda na'ura ta zame musu wata sabuwar damuwa, suna awo sau goma a yini. Ku karɓi lambar wayar majon CSI, wato ƙaramin gidan likita, na unguwarku tun yanzu, hoton shafin littafin nan ta WhatsApp ya fi dogon bayani.

In an hana fita, tsakar gida ma fili ce. Minti goma bayan asuba, goma bayan la'asar, goma bayan isha, yana zagayawa da carbinsa. A fito da shi cikin iyali, ya ja ƴaƴa da jikoki sallah, a kira masa abokansa a waya. Zoɓo ba sukari yana ɗan sauke jini, wannan an gwada an gani, ya sha abinsa. Amma ɗan taimako ne, ba ya zama a madadin ƙwaya, haka ma tafarnuwa.

Akwai alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu, ko da doka ko ba doka: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta harɗe, nauyi a ƙirji kamar an ɗora turmi har yana bin hannu ko muƙamuƙi da zufa, numfashi ya gagara in an kwanta, ko awo ya kai 18/12 tare da matsanancin ciwon kai, amai ko dushewar gani. A ɗauke shi zuwa babban asibiti nan take, addu'a a yi ta a cikin mota. Kada a ɗura masa ruwa ko fura ko rubutu in baki ya karkace, haɗiya ba ta aiki, huhu zai tafi. Kada a ba shi asfirin kafin a yi hoton kai, don in jijiya ce ta fashe asfirin ƙara zubar zai yi. Kada kuma wani ya fasa masa ƙwayar nifedifin a ƙarƙashin harshe don a sauke jini da gaggawa. Tsohuwar al'ada ce da har yanzu ake yi, kuma faɗuwar jini kwatsam tana iya jawo shanyewar da ake gudu.

In ka je Tawa, kafin ka ce komai ka roƙi Baba ya ba ka ledar magungunansa. Ka zazzage a tabarma, har da na mai tire da na gargajiya, ka ɗauki hoton kowane kwali gaba da baya don likitansa ya gani. Sannan ka ƙirga. In kwalin 30 ne aka buɗe kwana 20 da suka wuce, 10 ya kamata ka tarar. In ka tarar da 19, ka zauna kusa da shi ka tambaye shi a hankali wacce ce ke sa shi jiri ko yawan fitsari ko kumburin ƙafa, don da wuya dattijo ya ajiye ƙwaya ba dalili, kuma kusan kowacce akwai wadda za a iya canza masa da ita.